Shekaru Tara da Ba a Nunawa a Gidan Kallo



Ranar Litinin da ta wuce malamin wasanni ya liƙa sunayen waɗanda za su buga wa makaranta ƙwallo a wannan zangon. Mutum 18 aka ɗauka, alhali mun fi 60 da muka yi sati biyu muna shan ƙura a fili bayan la'asar. A kulob ɗinmu na 'yan jarida mu huɗu muka nema, ɗaya ya samu. Mu ukun da muka rage mun yi ta dariyar yaƙe a gaban allo, muna cewa dama karatu ne a gabanmu. Ƙarya muke yi, abin ya yi mana ciwo.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne wani yaro ɗan SS1, siriri, wanda duk wanda ya je fili ya ga irin gudunsa. An ce masa ya yi ƙanƙanta, ya bari sai baɗi. Bai ce uffan ba. Ya tuɓe takalminsa ya bar shi a gindin darbejiya, kuma tun ranar ba mu ƙara ganinsa a fili ba. Ba za mu faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Saboda shi muka zaɓi Jamie Vardy a wannan makon, ba don Vardy ya fi kowa a Ingila ba. A cikinmu akwai 'yan Arsenal da 'yan Manchester United, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin su yarda.

An haifi Vardy a birnin Sheffield ranar 11 ga Janairun 1987. Ya taso yana goyon bayan Sheffield Wednesday, kuma a makarantar horar da yaranta ya koyi ƙwallo. Yana shekara 16 suka sallame shi, dalilin kuwa shi ne wanda aka gaya wa ɗan SS1 ɗinmu: ya yi ƙanƙanta. Ya yi watanni bai taɓa ƙwallo ba. Da ya dawo, sai ya shiga wata 'yar ƙungiya mai suna Stocksbridge Park Steels, wadda a lokacin take mataki na takwas a tsarin gasannin Ingila. Ku ƙirga: Firimiya ita ce mataki na ɗaya. Fam 30 ake ba shi a sati, kuɗin da ba ya riƙe mutum a can, don haka ya kama aiki a wata masana'anta da ke ƙera abin ɗaure ƙafa na masu laluran ƙashi. Yini yake a tsaye a bakin aiki, da yamma ya je atisaye, ranar Asabar ya buga wasa a gaban 'yan kallon da ba su fi ɗaliban makarantar nan ba.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba za mu ɓoye ba. A 2007 kotu ta same shi da laifin duka bayan wata rigima a ƙofar mashaya. Shi dai ya ce kare abokinsa mai matsalar ji ya yi, amma hukunci ya hau kansa: aka ɗaura masa na'urar sa ido a idon sawu har wata shida, da sharaɗin ƙarfe shida na yamma ta yi masa a gida. Idan wasan na nesa ne, sai a cire shi tun ba a tashi ba, ya faɗa mota a ruga da shi gida kafin lokaci ya cika. Da muka zo nan wajen tattaunawa, wani a cikinmu ya ce da a unguwarsu ne, da tuni an yanke masa hukuncin cewa ya lalace, ba mai ba shi ko ajiyar keke.

A 2010 FC Halifax Town ta saye shi. Bayan shekara ɗaya ya koma Fleetwood Town da ke mataki na biyar, inda ya ci ƙwallo 31 a gasar a kaka guda. Sai a watan Mayun 2012 Leicester City ta biya fam miliyan 1 ta ɗauke shi, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasa daga waɗannan ƙananan matakan. Yana da shekara 25. Daga 16 zuwa 25 shekara tara ke nan. Wanda ya shiga JSS1 ranar da aka sallami Vardy, ya gama sakandare har ya yi nisa a jami'a kafin wani babban kulob ya waiwaye shi.

Ko a Leicester ɗin ma kakarsa ta farko ba ta yi kyau ba. Ƙwallo 4 kacal ya ci a gasar, magoya baya suka riƙa cewa an yi asarar kuɗi, shi kansa ya fara tunanin ajiye takalmi, sai da kocinsa Nigel Pearson ya lallashe shi.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko ƙannenmu na JSS sun ji a bakin yayyensu. Leicester ta hau Firimiya a 2014. A Nuwamban 2015 Vardy ya zura wa Manchester United ƙwallo, ya zama na farko da ya ci a wasa 11 a jere a gasar, ya goge tarihin Ruud van Nistelrooy mai 10. A ƙarshen kakar, ƙarƙashin Claudio Ranieri, Leicester ta ɗauki kofin da kamfanonin caca na can (Allah ya raba mu da su) suka ce damarta ta ɗaukarsa ɗaya ce cikin 5,000. A gidan Vardy 'yan wasan suka taru ranar 2 ga Mayun 2016 suna kallon Chelsea da Tottenham, aka tashi 2-2, kofi ya tabbata. Ya ci ƙwallo 24 a kakar. Arsenal ta neme shi ya ƙi, abin da har yau 'yan Arsenal na kulob ɗinmu ba su yafe ba. Ya buga wa Ingila wasa 26, ya ci 7. A 2020 ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 23 yana shekara 33.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye, domin a Yulin 2016 Leicester ta sayi Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA Moscow ta Rasha. Yayyenmu sun ce a lokacin gidajen kallo sun cika da sababbin 'yan Leicester, musamman bayan ƙwallo biyun da ya ci Barcelona a wasan sada zumunta. Amma Ahmed Musa, da duk gudunsa da sunansa, bai samu gurbi na dindindin ba, benci ya fi yawan zama, har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. A bazarar shekarar kuma ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Ashe benci ba a kan ɗan SS1 aka fara shi ba.

To, sai dai ba dukanmu muka yarda a liƙa wannan rubutu ba. Wata 'yar uwarmu 'yar SS3, wadda ita ce mai gyara mana rubutu, ta ce labarin Vardy guba ne a makaranta irin tamu. Ta ce masu tsallake katanga lokacin darasin yamma su tafi gidan kallo za su samu hujja, su ce ai Vardy ba da takardar WAEC ya yi arziki ba. Ta kuma tambaye mu: sauran yaran da aka sallama tare da shi a Sheffield, ina suke? Wa ya san sunansu? Muka yi tsit, don gaskiya ta faɗa. Ɗaya ne ya zama Vardy, sauran sun nemi abinci ta wata hanya, kuma wanda yake da sana'a ko takarda a hannu shi ya fi saurin miƙewa.

Muka kai ƙara wurin Malam mai kula da kulob. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ku liƙa. Amma kada ku kuskura ku cire wurin masana'antar nan." Muka ce, "Malam, ai shi ne wurin da ba daɗi." Ya ce ai shi ya sa.

Da muka koma muka sake dubawa, sai muka ga abin da yake nufi. Mu dai ƙwallayen muke gani a waya, minti biyu an gama. Ba a taɓa nuna mana safiyar Litinin da mutum zai tashi da ciwon ƙafa ya tafi masana'anta ba, ko atisayen dare cikin sanyin Ingila a kan fam 30. A duk shekarun nan bai ajiye aikin da ke ciyar da shi ya zauna jiran Firimiya ba, kuma bai ajiye ƙwallon ba. Mu kuwa sati biyu muka yi a fili, takarda ɗaya ta fito ba sunanmu, har mun fara cewa an yi son kai. Ta yiwu an yi, ta yiwu ba a yi ba. Mu ukun dai mun san ko zagaye biyar na fili ba ma iya yi sai mun dafa gwiwa.

Vardy ya bar Leicester a Mayun 2025, bayan shekara 13. A wasansa na ƙarshe, wanda shi ne na 500, ya ci Ipswich ƙwallonsa ta 200. Daga nan ya tafi Cremonese ta Italiya yana shekara 38.

Mun roƙi malamin wasanni, ya ba waɗanda ba su shiga jerin ba filin bayan ɗakin gwaje-gwaje ranakun Laraba da Asabar, ƙarfe huɗu da rabi, da sharaɗin duk wanda ya yi fashin darasi a satin kada ya zo. 'Yar SS3 ɗin nan ce za ta riƙe rajista, kun kuwa san halinta. Ƙwallo ɗaya gare mu, ita ma tana sacewa, wanda yake da famfo ya taimaka.

Kai kuma ƙanenmu na SS1, takalminka yana wurin Baba mai gadi. Ya ce idan Laraba ta wuce ba ka zo ba, jikansa zai ba.