Buhun Albasa da Katin Asibiti

 Yau ina so in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina musu a kansa a rumfarmu ta Kasuwar Bodija, daga baya kuma na sauka daga ra'ayina, ko da yake ban sauka gaba ɗaya ba.

Lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar inshorar lafiya a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga, ina cikin masu cewa ba mu yarda ba. Hujjojinmu uku ne. Na farko, tun 2005 da Obasanjo ya ƙaddamar da tsarin NHIS, galibi ma'aikatan gwamnati ne suka ci moriyarsa, ɗan dako da mai sayar da tattasai sai dai labari. Na biyu, wasu malamanmu suna da shakku a kan inshora, wai sayen abin da ba a gani ba ne. Na uku, mu baƙi ne ko da a nan aka yanke mana cibiya. Hausawa suna Sabo tun 1916, amma har yau in magana ta zo kan rabon wani abu sai a tambaye ka asalin jiharka. Sai muka ce, mu zuba kuɗi a nan, ranar da ciwo ya kama mu a gida wa zai kula mu?

Ni kuwa har ƙari nake yi. Nakan ce da gwamnati za ta ɗauki kuɗin nan ta sa a taki da iri da gyaran hanya, da rabin ciwon ya tafi, domin wanda ya ƙoshi ba ya yawan kwanciya. Ban faɗi haka da ka ba. Duk wanda yake Badun a watan Fabrairun 2021 ya ga abin da ya biyo bayan rikicin Shasha, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu na wasu kwanaki. Tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabi a nan, a can gida kuma kaya suna ruɓewa a hannun manoma. A makon nan kowa ya san darajar manomin Kura da Kadawa da Aliero, kuma mu ma mun san cewa manomin ba shi da riba sai da mai sayen Kudu.

Abin da ya sauya min tunani daga gidanmu ya fito. Yayana manomin albasa ne a ƙasar Kebbi, shi ke turo min kaya. Duk mai wannan sana'a ya san ribar albasa ba a cire ta take ba, a ajiyarta take. Lokacin da kowa ke cirewa, wajen Maris da Afrilu, kasuwa a ƙasa take. Wanda ya iya zuba tasa a rudu ya jira damina ta yi nisa, shi ke ganin kuɗi. A wata shekara ya samu albarka sosai, ya gama ajiya ke nan sai haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, aka ce sai an yi aiki, kuma sai an biya kafin a taɓa ta. Ya kira ni da dare ya ce, "Ƙanena, nemo min mai saye ko nawa ne." Na ce, "Yaya, ka bari in zaga in ranto." Ya ce babu lokaci. A kwana biyu ya rabu da noman shekara a farashin da ko kuɗin taki da man injin ban-ruwa bai gama mayarwa ba. Alhamdu lillahi uwa da ɗa sun rayu, amma da rani ya zagayo rabin gonarsa kawai ya iya nomawa, ni ma rumfata ta ji a jikinta.

A nan na gane kuskurena na raba noma da lafiya kamar kishiyoyi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, rumbun manomi shi ne asusun asibitinsa. Ka ba shi taki kyauta, ciwo ɗaya ya kwashe. Gwamnati kuwa duka biyun ta gaza: a Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, a Maputo a 2003 kashi 10 ga noma, kuma gwamnatin tarayya ba ta riƙe ko ɗaya ba.

Har yanzu ban yarda da tilas ba tare da asibiti mai magani ba, kuma tambayar baƙunta tana nan. Amma ƙin abu baki ɗaya bai biya wa Yayana kuɗin aiki ba. Kano ta kira nata tsarin taimakekeniya, jihar Oyo ma tana da hukumarta, OYSHIA. Shawarata ga shugabannin sassan kasuwa da masu unguwanninmu ita ce su je su zauna da hukumar, su tambaya a fili: nawa ne a shekara, wane asibiti, haihuwa da tiyata suna ciki, kuma me zai faru in mutum ya koma gida? In amsa ta gamsar, mu shiga a ƙungiyance. In ba ta gamsar ba, mu da muka iya adashi, me zai hana mu ware wani abu a kan kowane buhun da aka sauke, mu yi asusun jinya da zai kai har ga manoman da ke turo mana kaya?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a gona da kasuwa, amin.