Littafin Bashin Kawu da Fatoman Zamani

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Kano, yana sayar da atamfa da shadda da yadi. A hannunsa na tashi, kuma a shagonsa na koyi lissafi tun kafin malamin makaranta ya koya mini. Duk wanda ya san irin wannan ciniki ya san cewa rabin dukiyar mai shago a hannun mutane take. Masu sari kan zo daga Damagaram da Maraɗi da Gashuwa da Azare, su ɗauki kaya, su ba da abin da ya sawwaƙa, saura kuwa sai bayan salla. Shaidar wannan dukiya duka wani littafi ne mai baƙin bango, wanda Kawu kan kulle a durowa ya sa makulli a aljihu.

Da zamani ya zo aka ba shi shawara ya sayi kwamfuta. Ya saya, ya haɗa da batir da ɗan janareto, ya ɗauki yaro yana kwafe abin da ke cikin littafi yana zubawa a ciki. Muka saki jiki, muna cewa yanzu shaidarmu ta zama biyu. Ran nan cikin hunturu, da tsakar dare, gobara ta tashi a layinsu. Kafin gari ya waye shago ya zama toka, littafi da kwamfuta sun ƙone tare, domin kuwa a ɗaki ɗaya suke kwana.

Asarar kaya ta yi wa Kawu zafi, amma abin da ya hana shi barci dabam ne. Cikin jarinsa akwai kuɗin marayun wani amininsa, waɗanda aka ba shi amana yana juya musu. Masu tsoron Allah daga cikin waɗanda yake bi bashi suka zo jaje, kowa ya faɗi abin da ke kansa. Waɗansu kuwa ko dai suka rage, ko suka yi ɓatan dabo. Sai da ya sayar da gonarsa ta gado sa'an nan ya cika wa marayu haƙƙinsu.

Wannan ne ya sa na shiga bincike a kan abin da Turawa ke kira gajimare. Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyi, waɗanda kan zana hoton gajimare a takarda in suna nufin intanet. Amma ba wani abu a sama. Waɗansu manya-manyan gidaje ne cike da dubban kwamfutoci, da masu gadi, da na'urorin sanyi, da wutar da ba ta yankewa, mallakar manyan kamfanoni. Kowa na iya kama hayar wani yanki nasu ta intanet, ya ajiye bayanansa ko ya sa su yi masa aiki, ya biya gwargwadon abin da ya ci, kamar mai biyan kuɗin mitar lantarki. Shi ya sa ake ce masa na kowa da kowa, wato kamar motar haya ke nan a kan motar gida.

Tunanin ya daɗe. Tun a 1961 wani shehun malami a Amurka, John McCarthy, ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta yadda ake sayar da aikin tarho. Abin ya tabbata a 2006, sa'ad da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfutocinsa. Google ya biyo baya a 2008, Microsoft kuma a 2010. A nan Afirka, Microsoft ya buɗe nasa gidajen a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024.

Da Allah ya sa Kawu ya farfaɗo ya sāke buɗe shago, sai na je masa da wannan magana. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, “Ɗana, wannan da kake so in ba shi asirin cinikina, ɗan wane ne? A wace unguwa yake? In ya ci amanata, gun wa zan kai ƙara?”

Na rasa amsa, har sai da na tuna da labarin da shi kansa ya sha ba mu na kakansa, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Na ce, “Kawu, Allah ya ja da ranka, shin kakanmu ya gina gida ne a Salaga?” Ya ce, “Ina fa! Gidan fatoma yake sauka.” Na ce, “To, ai wannan ma fatoma ne. Shi ke da ɗaki da makulli da masu gadi, falke kuwa ya sauke kayansa, ya biya la'ada, ya mai da hankali ga cinikin da ya kawo shi.” Kawu ya yi shiru, can ya ce, “Amma fa kakanmu ba ya barin kayansa duka a gidan fatoma ɗaya.” A lokacin na ɗauki maganar gardamar tsoho ce kurum.

Ya dai yarda muka gwada. Mu ba mu ƙulla hulɗa da manyan kamfanonin nan kai tsaye ba. Wata manhajar lissafi muka yi rajista da ita, masu ita kuma su ke kama haya a gajimare, kamar yadda ƙaramin ɗan kasuwa kan ci albarkacin babban fatoma ta hannun dillali. Amfanin farko da muka gani shi ne kuɗin da dā za su tafi wajen sayen wata babbar kwamfuta da batir da man janareto da mai gyara, sun koma cikin bandir ɗin shadda, inda za su haihu. Bayan haka, lissafin ya daina kwana a shago. Ko Kawu yana Legas wajen sari, wayar hannunsa ta isa ya ga abin da yara suka sayar, da wanda ya biya, da wanda ya ƙara ɗauka. Da aka sace wayar wani yaronsa, muka sauya kalmar sirri, ba ko layi ɗaya da ya ɓace.

Ga manyan kamfanoni akwai wani amfani da ya fi wannan, wato ƙara haya ran da ciniki ya yi yawa, da rage ta ran da ya lafa, maimakon sayen kayan da za su zauna banza yawancin shekara. Kamfanin Netflix misali ne. A 2008 ma'ajiyar bayanansa ta lalace, ya yi kwana uku bai iya aika wa masu hulɗa da shi faya-fayai ba. Daga nan ya fara ƙaura zuwa gajimaren Amazon, ya kammala a farkon 2016.

To, amma zanen aro ba ya rufe katara. Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen kwamfutocin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri kuwa suka yi irin asarar da muka yi. Da na karanta wa Kawu labarin, murmushi kawai ya yi, ni kuwa na tuna da maganarsa. Sa'an nan a Yunin 2023 aka saki darajar Naira, dalar da ba ta kai Naira 500 ba a farashin hukuma ta haura Naira 1,000 a farkon 2024. Da yake da dala ake yanka kuɗin hayar, sai la'adarmu ta ninka ba tare da mun ƙara kaya ba. Ran 14 ga Maris 2024 kuma, cikin kwanakin farko na azumi, lokacin da cinikin kayan salla ke soma zafi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Lissafinmu yana nan lafiya lau a wurin ajiyarsa, mu ne dai muka kasa kai wa gare shi, masu sari kuwa suna tsaye a kanmu.

Abin da ya cece mu ran nan shi ne sharaɗin da Kawu ya gindaya tun farko, wanda na yi ta gunaguni a kansa. Kowane ƙarshen wata sai an buga masa jerin bashi duka a takarda, ya kai gida ya sa a akwatin ƙarfe, a kuma zuba kwafi a wani ɗan faifai da ke hannuna. Da wannan takarda muka sallami mutane har intanet ta dawo.

Saboda haka in ɗan kasuwa ya nemi shawarata, zan ce masa ya shiga hayar nan, domin ta fi masa sauƙi da aminci a kan kwamfutar da ke kwana tare da kayansa. Sai dai ya tambaya a wace ƙasa za a ajiye masa bayanansa, da wane kuɗi zai biya, kuma yaya zai kwashe nasa ran da ya so tashi. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ma ta ɗora masa nauyin sunaye da lambobin mutanen da ya rubuta. Kada kuma ganin hadari ya sa ya fasa randarsa.

Saura roƙo ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Kalmar gajimare ta rikita Kawu, kalmar fatoma ce ta fahimtar da shi, domin ita ce ta tuna masa da haya da la'ada da amana. In akwai mai kalmar da ta fi ta dacewa, ya taimaka ya kawo ta a fitowa ta gaba. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara da cin amana, amin.