Laifin Zare Ne Ko Na Masaƙa?

A wajenmu, duk fayil ɗin da ya ƙi buɗewa hukuncinsa ɗaya ne: bairos ya cinye. Sai a goge kwamfuta a sake zuba mata Windows, a biya kuɗi, a tafi. Ni kam na daina yarda da wannan hukunci.

Littafina na farko a tsohuwar kwamfutar wani shagon buga takardu nake buga shi, nan cikin Minjibir. Babi na 6 ne ya fara lalacewa: rabinsa lafiya, sauran tarkacen alamomi. (Ba zancen ƙ da ɗ su koma akwati nake ba, wannan matsalar salon haruffa ce, rubutunka na nan.) Mai shagon ya goge ta sau biyu, ya sayo sabon faifan ajiya daga Kano. Ba a yi mako ba babi na 9 ya bi sahu.

Garinmu garin masaƙa ne. Idan an sauya zare sau uku, ƙyalle bai daina fitowa da tabo ba, ai masaƙar za a duba. Rubutu ba ya tsallakawa daga yatsunka zuwa faifai kai tsaye. Sai ya zauna a RAM, sannan ya ratsa ta babban allon da komai ke haɗe a kansa, wato madabod. Idan a hanya ake ɓata shi, ɓataccen za a ajiye, kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba.

Na roƙi mai shagon ya ba ni yini guda. Na ɗora tsohon faifan a wata kwamfutar, ya yi aiki sumul. Na dawo kan tasa, na kwafi babban fayil guda sau uku na gwada su: kowanne daban da ɗan uwansa. Na kunna MemTest86, kafin la'asar allo ya yi jajawur da kurakurai. Da na shiga BIOS, saitin da ke tashi tun kafin Windows, sai ga shi wani ya ƙara wa RAM gudu fiye da ƙarfin allon. Na mayar da komai saitin kamfani, gwajin ya kwana yana tafiya, ko kuskure ɗaya babu.

Wani lokacin ma ba hannun kowa, daga kamfani cutar ta fito. A 2001 an gano alluna masu guntun VIA 686B suna ɓata manyan fayiloli in ana kwafa daga faifai zuwa faifai, sai da aka fitar da sabon BIOS.

Gyaran bai dawo min da babi biyun ba. Na 6 yana cikin littafin da na fara rubutawa da biro. Na 9 kuwa kai tsaye na buga shi, har yau ina sake haɗo shi daga ka.