Faɗuwar Rana a Kan Dutsen Maloni

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana na shiga mota a tashar Nyanya, da niyyar kwana ɗaya a Keffi. Tazarar daga Abuja kimanin kilomita 50 ce, amma wanda ya saba bin hanyar ya san cunkoson Mararaba ne ke yanke wa tafiyar lokaci. Mun daɗe muna jan ciki tsakanin 'yan acaɓa da masu tallar ruwan leda, sai da muka wuce Masaka hanya ta sake mu. Daga Uke zuwa Gora ido ya samu sarari: kunyoyin doya, da riɗin da aka yanka aka jingine a tsaye yana shan iska, da dawa ta sunkuyar da kai. Watan Nuwamba ne, damina ta ɗauke ƙafa, hunturu bai kankama ba.

Wanda ya jawo ni garin wani dattijo ne, abokin mahaifina da nake kira Baba, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya. Ya sha ce mini, "Ku 'yan jarida kullum a ƙofar ofis kuke neman labari. Zo in kai ka inda gari ke ba da labarin kansa." Na same shi a zaure, muka gaisa, aka kawo mini kunun aya mai sanyi. Muna idar da sallar La'asar ya ɗauki sandarsa ya ce, "Tashi, ɗana. Rana ba ta jiran baƙo."

Mun ratsa lunguna masu katangun ƙasa da na bulo a cakuɗe, muka wuce wata mata tana hura wutar ƙosai, da almajirai suna wanke alluna, har muka iso gindin dutsen da ake kira Dutsen Maloni. Hawan ba shi da tsanani, sai dai yana son natsuwa. Baba yana gaba, yana dogara sanda kafin ya ɗora ƙafa, busasshiyar ciyawa tana kakkaryewa a ƙarƙashin takalmansa. Wani jan gwada ya tsaya kan falali yana gyaɗa mana kai, sannan ya shige tsaguwa. Da muka kai sama na dafa dutsen da tafin hannu, na ji ɗumin yini guda a jikinsa, kamar kaskon da aka sauke daga murhu ba da jimawa ba.

Na juya, sai ga Keffi shimfiɗe a gabana. Rufin kwano masu tsatsa sun curu wuri ɗaya a tsohon gari, sababbin rufi shuɗaye da jajaye sun bazu a gefe. Hasumiyoyin masallatai da na coci-coci sun ɗago kai daga cikin duhuwar mangwaro da dalbejiya. Baba ya miƙa sanda yana nuna mini kamar mai karanta allo: wajen fada ke nan, can Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu, can Liman Abaji, can Sabon Gari. Layin koren nan da ya ratsa gari kogin Antau ne. Ga hanyar Akwanga, wadda ke kai mutum Jos ko Lafiya, ga kuma ta garin Nasarawa.

"Ka san ma'anar sunan garin?" ya tambaye ni.

Na ce, "Daga kafi ne, Baba."

Ya ce, "Madalla. Da shingen itace aka fara."

A farkon ƙarni na 19 Abdu Zanga, Bafulatanin da ya taso daga ƙasar Katsina, ya kafa garin, ya kewaye shi da kafi. Keffi ta zauna ƙarƙashin Zazzau, tana aika gaisuwa Zariya, Sarkin Zazzau kuma yana da wakili a garin mai sarautar Magaji. Daga rikicin wani mai wannan sarauta da Bature ne sunan dutsen ya samo asali.

Muka zauna a kan falali, Baba ya miƙe ƙafafu, ya shiga ba ni labari. A 1902 Ɗan Yamusa ne Magaji, kuma ƙarfinsa ya kai har ya shafe na Sarki Ibrahim, wanda tsufa ya kama. Turawa suka turo Kyaftin Maloni a matsayin Razdan, mutum mai raunin ƙafa da ake ɗauka a amuku. Tsakaninsa da Magaji ba a ga maciji. Maloni yana son a daina kai farmakin kama bayi, a kuma bi Ingila. Magaji bai san wani na sama da shi ba sai Zazzau da Sakkwato. Ranar 3 ga Oktoba, 1902, Maloni ya zo filin ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa, da ya ga an aika kiran soja sai ya fito a kan doki ya kashe Baturen. Tafinta Audu Timtim, wanda har yau ake cewa shi ya riƙa murguɗa magana tsakanin mutanen biyu, shi ma bai tsira ba. Mutanen gari suna cewa a wannan dutse aka binne Maloni.

Ɗan Yamusa ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, sannan aka yi gumurzun Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. A can rayuwar Magajin ta ƙare. Na dubi filin fadar daga nesa, bai fi tafin hannu ba, na tuna cewa ƙasa da wata goma ne tsakanin abin da ya faru a nan da rushewar daular da Shehu Usmanu ya kafa kusan shekara ɗari kafin nan.

Na ce, "Baba, to Ɗan Yamusa gwarzo ne ke nan."

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "Gwarzo ne, ya ƙi rusuna wa baƙo. Amma ka dubi tsaunukan can. Kakannin wasu yaran da na koyar, a kan irinsu suka riƙa ɓuya saboda dawakin garin nan. Yau jikokin duka suna cin kasuwa ɗaya, suna auren juna. In za ka rubuta, rubuta duka biyun." Na amsa masa da to. Keffi gari ne na Hausawa da Fulani, kuma na Gwandara da Mada da Eggon da Yeskwa da Afo da Gbagyi, ba a kuwa riƙe irin wannan zama da rabin gaskiya.

Muna cikin maganar hasken ya soma sauyawa. Ranar da ɗazu ba ta kalluwa ta zama jawur kamar garwashin ƙirya, ta rataya saman hazo ta wajen Abuja. Tsofaffin rufin kwano suka koma kalar manja. Ƙurar da garken shanu ya tayar a bayan gari ta tsaya a iska tana ƙyalli, balbelu suka wuce ta kanmu a jere, ƙasa-ƙasa, har ina jin kaɗawar fikafikansu. Hayaƙin girkin dare ya fara tashi gida-gida, siriri, yana miƙewa sak saboda babu iska. Ƙarar injin niƙa ta iso kunnena, da ihun yara masu ƙwallo, da luguden wasu mata biyu a turmi ɗaya, komai a tausashe.

Mu Hausawa mun san rana sarai, amma sanin aiki muka yi mata. Da ita muke gane shigar Azahar da La'asar, ita mai azumi ke dako, kuma da ta yi ja iyaye mata ke ƙwala wa yara kira su shigo gida, don almuru ba lokacin yawo ba ne. A zauna kawai a dube ta tana tafiya, wannan bai cika shiga al'adarmu ba, ko da yake Alƙur'ani ya yi ta kiran masu hankali su lura da sassaɓawar dare da yini. A kan dutsen nan na ji nauyin wannan kira. Ba mu kaɗai ba ne a wurin. Wasu ɗalibai uku na Jami'ar Jihar Nasarawa suna gefe suna ɗaukar hoto da waya. Da rana ta taɓa bakin ƙasa su ma suka sauke hannu suka yi tsit.

Ba ta ɗauki minti uku ba. Rabi ya nutse, saura ya zama kamar ɓarin goro, sannan babu. Sama ta riƙe ja na ɗan lokaci, ta koma ruwan toka. A kan hanyar Abuja fitilun motoci suka jeru kamar carbi, ma'aikata ne ke dawowa, waɗanda suka fita tun asuba kuma za su sake fita gobe kafin gari ya waye. Tun da aka ƙirƙiri jihar Nasarawa a 1996, Abuja kuma ta yi ta tunkuɗo jama'a waje saboda tsadar haya, Keffi ke ƙara faɗi. Da yawa daga cikin sababbin mazaunanta kwana kawai suke yi a cikinta. Garin da Kwalejin Gwamnatinsa ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, garin da sunan Yamusa ke kan karagarsa har yau, bai kamata ya zama ɗakin kwanan wani gari ba.

Inda muka zauna babu benci, babu rumfa, ledoji ne maƙale a ciyawa. Abin da wurin ke buƙata bai fi ƙarfin mutanen gari ba: matakala a inda hawa ya yi santsi, 'yan kujerun siminti, itatuwan inuwa, mai gadi, da allo mai ɗauke da tarihin 1902 da Hausa da Turanci, da ɓangarorin labarin duka biyun da Baba ya ce a rubuta. Malamai su riƙa kawo ɗalibai, magidanci ya kawo iyalinsa ranar Asabar bayan La'asar. Yaron da ya taɓa ganin garinsu gaba ɗaya daga sama, da wuya ya raina shi.

Ladani ɗaya ya ɗaga murya daga wajen tsohon gari, wani ya karɓa, kafin ka ce kwabo kiran ya kewaye dutsen ta kowace fuska. Baba ya yunƙura, na miƙa masa hannu, ya riƙe kafaɗata muka gangaro a hankali, ina haska masa hanya da fitilar waya. A ƙaramin masallacin da muka fara tararwa wani yaro ya miƙo mana butoci. Na tsuguna zan yi alwala, na ga jar ƙurar dutsen a tafin hannuna.

Baba ya dube ni ya ce, "Gobe da wa za ka dawo?"

Na ce, "Da 'ya'yana, in Allah ya yarda."

Ya ce, "To, ku zo da wuri." Aka ta da iƙama, muka shiga sahu.