Nauyin Kai Da Haƙurin Wuya

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma fa akwai wata gaɓa da muke ɗora wa wahala dare da rana ba mu taɓa tambayar lafiyarta ba, wato wuya.

Kan baligi ya kai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Abin da ke riƙe da shi kuwa ƙasusuwa ne guda 7 jere kan juna, da guringuntsi mai taushi tsakaninsu, sa'an nan tsokokin ƙeya suna ja daga baya kamar igiyoyin rumfa. Muddin kunne yana saitin kafaɗa, nauyin yakan bi ƙashin baya ya sauka sosai, tsoka ba ta shan wuya. Da zarar kai ya karkata gaba, sai aikin ya koma kan tsokokin nan, su kuma jan da suke yi ya danne ƙasusuwan. Mai karatu ya gwada ɗaukar bokitin ruwa a jikinsa, sa'an nan ya miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma hannu zai ba da labari.

A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafin wannan al'amari da kwamfuta. Ya nuna in an sunkuyar da kai digiri 15, wuya zai ji kamar kilo 12; digiri 30, kilo 18; digiri 60 kuwa, wato haɓa ta doshi ƙirji, kilo 27. Wannan ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25 irin ta 'yan ga-ruwa.

Aikina na jarida kullum yana kai ni tsakanin Yola da Jimeta, kuma a wannan hanya nakan ga abin mamaki. Ga Bafillatana ta nufi kasuwar Jimeta da ƙwaryar nono bisa gammo, wuya a miƙe kamar kara, ido a gaba, ba ta ko tallafe kayan da hannu. Ga mu kuma cikin Keke Napep, ma'aikata da ɗalibai, ba mu ɗauke da ko tsinke, amma kowa ya duƙufa kan wayarsa tun daga ƙofar Lamiɗo har Jambutu. In aka bi lissafin likitan nan, wani cikinmu ya fi ta ɗora wa wuyansa kaya. A ɗakin labarai ma haka abin yake, don da wuya magariba ta yi ban ga abokin aiki yana murza ƙeya yana neman maganin ciwon kai ba.

Masana sun daɗe da lura da gwanintar matan Afirka a wannan fanni. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 1986 kan matan Luo da Kikuyu na ƙasar Kenya ya nuna suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka, ba tare da sun ƙara kashe wani ƙarfi ba.

Sai dai kada a ɗauka ina yabon dako ne. Miƙe wuya yana rage wahala, amma ba ya mai da buhun masara ya zama auduga. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a tasha shekara da shekaru, guringuntsin wuyansa yana iya zaizayewa, jijiya ta matse, hannu ya riƙa mutuwa. Ranar da wuya ya ƙi, abincin gidansa ya tsaya. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yarinya 'yar talla, wadda ƙashinta bai gama ƙwari ba, an aza mata farantin da ya fi ƙarfinta. Iyaye, a ji tsoron Allah a rage musu.

Mu kuma masu zaman kujera, maganinmu ba ya bukatar ko kwabo. A ɗaga waya zuwa saitin ido, a sa wa kwamfuta ƙarin tsawo ko da da littattafai ne, a riƙa tashi ana motsa kafaɗu bayan kowane rabin sa'a, domin daɗewa a zama ɗaya shi ne babban abokin gaban tsoka. Wanda kuwa ciwon wuyansa ya gangaro hannu, ko yatsunsa suka soma mutuwa, ya nufi asibiti, kada ya bari a murɗe masa wuya da sunan gyaran targaɗe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaranmu suna kallon yadda muke zama, kuma haka za su taso. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.