Mota Ɗaya, Tayoyi Takwas, Ba Gareji

Kafin wani ya fara yi min wa'azi, na sani. Wanda yake zaune a Bronx, inda jirgin ƙasa lamba 4 ke wucewa ta saman kansa dare da rana, ba shi da wata hujjar sayen motar tsere mai ƙofa biyu. Umma ta faɗa, Baba ya faɗa, har ƙanwata da ba ta kai shekarun tuƙi ba ta sa baki. Amma na saya, a 2021, Subaru BRZ ta hannu, ƙirar 2015, da kuɗin da na tara shekara uku.

Baba ya yi shekara ashirin da bakwai yana tuƙa tasi a garin nan. Kafin nan, a gida, Fijo 504 yake ja tsakanin Maraɗi da Kano ta Jibiya. Ranar da na kawo motar bai buɗe inji ba, bai tambayi kuɗinta ba. Durƙusawa ya yi ya shafa taya, ya duba gefenta, ya ce, "Wannan an yi ta mako na 31, shekarar 2015. Kai ko lambar ba ka iya karantawa ba ka je ka ba su kuɗinka?" Wallahi ban san akwai wata lamba ba. Ashe a jikin kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne makon da shekarar da aka yi ta. Shekararta shida. Zanen yana nan da saura, amma robar ta bushe kamar ƙanzo.

To daga nan na shiga karatun taya, kuma na yi zurfi fiye da yadda na yi a kwaleji.

Girman tawa 215/45R17 ne. Faɗinta milimita 215, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na wannan faɗin, rim kuma inci 17. Lissafa ka gani, abin da ke tsakanin rim ɗinka da kwalta bai kai santimita goma ba. Abokaina suna ta zuga ni in koma inci 18 ko 19, wai ya fi kyau a hoto. Ya fi kyau ɗin. Amma duk wanda ya bi titunan garin nan a watan Maris, bayan ƙanƙara ta narke ta bar ramuka, ya san ƙarin incin rim ragin roba ne, kuma rami ɗaya ya isa ya fito maka da ƙulli a gefen taya. Taya mai ƙulli ba ta facuwa. Ko mai facin Jerome Avenue da ya fi kowa son kuɗi zai ce maka jefar.

Lambar da ta fi ruɗa ni ita ce ta juriya, wadda ake rubutawa a gefe: 200, 300, 500 da sauransu. A takarda, taya mai 300 za ta yi ninki uku na kwanan tayar gwaji mai 100. A zahiri kowane kamfani shi yake sa wa tayarsa lambar, don haka 200 ɗin wannan ba lallai ta zama 200 ɗin wancan ba. Abin da za ka riƙe kawai: idan lambar ta yi ƙasa, robar ta fi laushi, ta fi kama kwalta, ta fi saurin suɗewa. Michelin Pilot Sport 4S tana da 300, Continental ExtremeContact Sport 02 tana da 340, waɗannan na zirga-zirgar bazara ne da ɗan wasa jefi-jefi. Sai ajin 200, su Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Hankook Ventus R-S4, Falken Azenis RT660. Dalilin da ya sa duk suka taru a 200 shi ne gasanni da yawa na motocin titi sun sa wannan lambar a matsayin mafi ƙanƙantar da za a shiga da ita.

Ni kuma na ce ai ba zan sayi saiti biyu ba, ina kuɗin? Na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan 200 ɗin na ce ita ce ta titi, ita ce ta fili.

A fili, kai, ba a magana. Lime Rock Park nake zuwa, a Lakeville ta jihar Connecticut, tafiyar wajen awa biyu daga gidanmu. An buɗe shi 1957, zagayensa mil ɗaya da rabi, kuma ba a tsere a wurin ranar Lahadi saboda wani hukuncin kotu tun 1959. Kwana bakwai ne, shida dama, ɗaya tak hagu. Ma'ana tayar gaba ta hagu ita ke ɗaukar wahalar duniya, ka dawo da yamma ka tarar kafaɗarta ta cinye alhali ta dama tana nan kamar amarya. A nan na koyi cewa iska ma ba a barinta haka. A jikin ƙofar motata an rubuta 35. Idan ka shiga fili da 35, zagaye biyar ko shida taya ta ɗau zafi iskar ta haura 40, motar ta fara santsi kamar an shafa mata man gyaɗa. Sai ka rage tun tana sanyi, ka fita, ka dawo ka auna da zafinta, ka sake gyarawa. Wani dattijo Bature mai tsohuwar Miata shi ya ara min ma'auni ranar farko, ya kuma ce in daina kallon gaban motata in kalli inda nake son zuwa.

Duk wannan daɗin a watan Yuni da Agusta ne. Sai Nuwamba ta 2022 ta zo.

Ranar Asabar da safe Umma ta ce in sauke ƙanwata a islamiyya. Sanyi wajen digiri 34 a ma'auninmu na nan, kusan 1 kenan a na gida, an ɗan yi yayyafi da asuba. Ba gudu nake ba, Allah shaida. Ina hawa wata 'yar kwanar shiga babbar hanya, na ɗan taka totur kamar kullum, kawai bayan motar ya kwashe. Motar nan tayoyin baya ne ke janta. Na'urar hana santsi ta kama, amma kafin nan mun daki dakalin gefen titi da rim ɗin baya. Muka tsaya a karkace. Wata babbar mota ta kauce mana da ƙyar tana hon. Yarinyar ba ta yi ihu ba, ta riƙe jakar Alƙur'aninta a ƙirji, ta ce a hankali, "Yaya, mu koma gida."

Laifin ba na tayar ba ne. Masu yin ta sun rubuta ƙarara cewa ba ta sanyi ba ce. Robar bazara idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 45 ko 40 taurara take yi, ta daina manne wa kwalta, a tsananin sanyi ma tana iya tsattsagewa. Ga zanen 'yan 200 ba zurfi tun farko, ni kuma na cinye rabinsa a fili, ruwa ba ya samun hanyar fita. Dokar New York ta ce kada zane ya gaza 2/32 na inci, tawa ta wuce haka, shi ya sa na ɗauka lafiya lau nake. Na karanta gargaɗin fa. Na dai ce sai Disamba zan canja, in albashi ya shigo.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Da ya dawo daga aiki ya sauko da tocila, ya zagaya motar, ya danna robar da farcensa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ni da na ɗauko mutum tara a 504, ban taɓa tunanin taya don kaina ba. Don su nake dubawa." Ya hau sama. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da nake yi yanzu shi ne abin da na ƙi yi tun farko. Saiti biyu, kowanne da rim ɗinsa. Na titi tayar kowane yanayi ce mai ɗan ƙarfi, wadda ba ta tsoron sanyin Nuwamba. Ranar da ƙanƙara ta zuba sosai kuwa motar ba ta motsi, jirgi nake shiga kamar kowa, don tayar kowane yanayi ba tayar hunturu ba ce. Kuma gaskiya a cikin gari me za ka yi da kamun tayar tsere? Tun Nuwamba 2014 iyakar gudu a yawancin tituna mil 25 ne, kyamarorin kama masu gudu kuma tun Agustan 2022 ba sa barci. Na fili kuwa 'yan 200 ne, a kan rim masu arha da na saya na hannu. Ina ɗaura su daren da zan tafi Lime Rock ko New Jersey Motorsports Park da ke Millville, in cire da na dawo. Jak, sifana, minti arba'in a bakin titi, maƙwabta suna kallo ta taga.

Matsalar da ba wanda yake faɗa maka ita ce ajiya. Hawa na huɗu muke, ba gareji, ba lifta. Wata biyu tayoyi huɗu suka yi a ɗakina cikin baƙar leda, har Umma ta ce ko turaren wuta ya kasa warin robar nan, ko su ko ni. Yanzu suna gidan Kawu a Newark, a ɗakin ƙasa kusa da buhunan shinkafa, ladan ajiya kuma shi ne in canja masa mai duk lokacin da ya kira.

Bara na lallaɓa Baba ya bi ni Lime Rock. Ya ƙi sa hular kwano, ya ƙi shiga motar, ya ce kansa ba na haya ba ne. Ya zauna a kan tudun ciyawa da fulas ɗin shayinsa yana kallo. Da na fito daga zagaye na biyu na tarar da shi tsaye a inda nake fakin, ya riga ya ɗauko ma'aunin iska daga jakata. Ya durƙusa a tayar gaba ta hagu, ya auna, ya ɗago.

"Talatin da tara. Rage uku."

Na rage.