Tanderun da Ba a Hura Ba

Mu da sana'armu nazarin adabi ce, mun saba auna labari da jerinsa, wato abin da ya kamata ya gabata da wanda ya kamata ya biyo baya. Da wannan ma'auni muke duban masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda ke gaɓar kogin Kwara a Jihar Kogi, ko da yake injiniyoyi za su ce mun yi shisshigi.

A 1979 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyat, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. Burin kashin farko shi ne tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Zuwa 1994 aka ce an kammala kashi 98 cikin 100. Amma har yau ba a hura babban tanderun narka tama ba.

Alal haƙiƙa wannan lissafi yana ruɗarwa, domin injunan da aka kafa ya ƙidaya. Shi irin wannan tanderu, in an hura shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, don kuwa in ya huce da narkakken ƙarfe a cikinsa, ƙarfen zai daskare ya lalata shi. Ke nan tilas tama da gasasshen kwal da farar ƙasa su riƙa isowa dare da rana. Tamar tana Itakpe, ba nisa, sai dai ba ta da ƙarfin da za a zuba ta kai tsaye, sai an tace. Kwal ɗin Inugu bai dace da gashin da tanderu ke bukata ba, dole a shigo da wani ta teku. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajakuta da Warri kuwa, wanda aka soma a 1987, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

Maƙerin kowane ƙauye ya san wannan. Ba ya sa yaro ya kama zugazugi sai ya ga gawayi a buhu, ƙarfe a gefe, masaba a hannu. Mu kuwa muka sayo maƙera sukutum, muka bar hanyar gawayi sai daga baya. A ganinmu, babban aikin shugaban irin wannan gini shi ne riƙe jadawali guda wanda ya ɗaure ma'adini da dogo da tashar jiragen ruwa da kuɗi, ya kuma iya ce wa mahukunta bikin buɗewa bai yi ba tukuna.

Samarin da aka tura Tarayyar Sobiyat koyon sarrafa tanderun sun dawo da iliminsu, suka yi ta share injuna suna shafa musu mai. Da yawansu sun yi ritaya ba su ga wutarsa ba.